Ranar da Na Ƙi Tashi Daga Benci

Waɗansunku sun ce ni ce marar tausayi, waɗansu sun ce Tormod ne mai taurin kai. Ku ajiye hukuncin tukuna. Bari in ba ku labarin Asabar ɗin nan yadda ta zo, ba ƙari ba ragi.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Marsaili, 'yar masaƙi, daga wani ƙauye a bakin teku, yammacin tsibirin Lewis. Tormod ne ya sa mini zobe, an kuma tsayar da biki bayan an gama yankan ciyawa. Aikinsa a gonar kifi ne, ya yi kwanaki a kan ruwa, ya yi kwanaki a tudu. Amma ba da wannan aka san shi ba. Babu bikin da ake yi a gefenmu ba a kira shi da akodiyonsa, akwatin kiɗan nan mai zuga-zugi, ba, har ana cewa in ya ja ta ya matse, ko mai dogara sanda sai ya jingine ta ya nemi abokiyar rawa. A ɗakin rawa muka haɗu. Ya ajiye kiɗa ya sauko, ya taka mini ƙafa da gangan don ya samu abin ba da haƙuri.

Makon Jibin Ubangiji ne. Sau biyu a shekara ikilisiyarmu take shimfiɗa teburin Ubangiji, kuma tun daga Alhamis garin yake sauya numfashi. Baba ya rufe rumfar saƙa. Ƙarar masaƙar da na tashi da ita a kunne ta ɗauke, sai ka ji teku ta matso kusa da gida kamar tana son shigowa. Baƙi sun cika ɗakuna. Gwaggo Dolina, yayar Baba, ta iso daga arewacin tsibiri da 'yar jakarta da kwalayen huluna.

Ran Lahadi za a lulluɓe bencunan gaba da farin ƙyalle. Waɗanda suka miƙa kansu ga Almasihu a gaban jama'a su ne za su zauna can, su karɓi gurasa da ƙoƙo. Sauranmu muna baya, muna kallon ƙeyarsu. Wanda kuwa ya haye zuwa farin ƙyallen nan ba ya sake taka ɗakin rawa. Ba a rubuce yake ko'ina ba, kowa dai ya sani. Hanyar hayewar kuma ɗaya ce: ran Asabar, in an gama sujada kowa ya fita, mai so ya zauna a inda yake har dattawan ikilisiya su zo su kira shi. Ba sai ka ce komai ba. Zaman ya isa.

Da safe na sauko na tarar da Mama a gaban murhu tana juya fanke. Tukunyar romon rago da sha'ir tana gefe tana tafasa a hankali, kicin ɗin duk ƙamshin man shanu da hayaƙin gawayin fadama, baƙar ƙasar nan da muke yankowa mu busar mu hura wuta da ita.

"Wace hula ce na gani a kan gadonki?" ta ce, ba ta waiwayo ba. A wajenmu mace ba ta hayewa farin ƙyalle ba hula a kai.

"Hula ce, Mama."

"Ai na san ba tukunya ba ce. Daga ina?"

"Daga birni, Stornoway."

"Ke da ko ranar guguwa ba a isa a rufe miki gashi ba."

Gwaggo Dolina tana bakin tebur tana lafta wa fanke man shanu kamar mai yaɓe. "Ƙyale yarinya, Seonag. Na gani, hula ce mai kyau. Ta fi kaskon nan da kike kifawa a kai."

"Ke dai ci ki yi shiru, Dolina. Jibi kika zo ko cinye mini gida?"

"Duka biyun. Ba a hana ɗaya don ɗaya ba."

Mama ta ajiye cokali ta juyo. Fuskarta ta yi ja, ban sani ba ko wuta ce.

"Marsaili, dube ni. Tun kafin a haife ki nake zama a baya. Ban taɓa fashin sujada ba. Ko safa ban taɓa shanyawa ran Lahadi ba. Duk da haka ban taɓa ganin na isa in miƙa hannu ga ƙoƙon nan ba. Ke da har lokacin sanyin da ya wuce ana jin ƙarar takalminki a ɗakin rawa, ke ce kika isa?"

"Ban isa ba, Mama."

"To?"

"Ai shi ya sa."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Kin san abin da aka faɗa a kan wanda ya ci gurasar nan bai cancanta ba. Wannan ke nan. Yaron mutane fa? Ya ɗaga rufin gidan kakansa da hannunsa saboda ke. An kama ɗakin biki. Uwarsa ta yi ɗinki. Za ki ce masa amarya tana gida tana karatun Zabura, ango yana can yana yi wa wasu kiɗa?"

"Seonag," in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa yanzu, "ba don mun isa muke zama can ba. Ni da kika san bakina."

"Na san shi kuwa."

"To kin gani."

Baba ya shigo daga wajen tumaki. Ya daɗe yana wanke hannu, ya daɗe yana gogewa. Duk muka zuba masa ido.

"Seonag," ya ce, "fankenki yana ƙonewa."

Iyakar abin da Baba ya ce a kan maganar ke nan, tun daga farkonta har zuwa ranar.

Na hau ɗakina. Rigar aure tana rataye a bayan ƙofa cikin ledarta, fara mai ɗan ruwan madara, hannun leshi, da ƙananan maɓallai a jere har gadon baya. A kan gado kuma siket shuɗi mai duhu, farar riga, kwat, da hular. Na zauna a tsakaninsu. Ta taga teku ta kwanta lumui, launin madubi, ba ka gane inda ta ƙare sama ta fara. A wannan watan hasken rana ba ya tafiya sosai. Yakan ja baya kaɗan ne ya tsaya a bakin ruwa, kamar baƙon da ya yi sallama amma bai bar ƙofa ba.

Kuna ta tambayata me na gani, me na ji. Ban ga komai ba. Ba murya, ba mafarki. Tun ina yarinya na san Yesu kamar yadda na san sunayen biranen da ban taɓa zuwa ba. Sai wata rana da bazara muna fadama ni da Baba muna yankan gawayi, shi yana yanka ni ina jefawa. Na ɗaga kai don in huta. Ba kowa sai mu, sai tsuntsaye can sama suna ta zuba. Nan na ji an san ni. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan. An san ni duka, har inda nake ɓoyewa, kuma ba a kau da kai ba. Na sunkuya na ci gaba da jifa, Baba bai lura da komai ba.

Daga nan abin ya yi ta tahowa kamar cikar teku. Ba ka ganin tafiyarta, sai ka waiwaya ka ga dutsen da ka zauna a kai ɗazu ya nutse. Na fara zuwa addu'ar Laraba, garin ya fara raɗa. Na yi ƙoƙarin ciniki, ba zan ɓoye muku ba. Na ce zan ba Yesu Lahadi da Laraba, in riƙe Jumma'a, daren rawa. Da wannan ya ƙi zama, na ce to zan ba shi komai, ban da Tormod. Sai na ga duk addu'ar da na fara tana zuwa ta tsaya cak a kan wannan "ban da", kamar tunkiya a bakin shinge.

Waya ta yi motsi a kan matashi.

"Waliyiya, kin tashi?"

"Na tashi, makaɗi. Kana ina?"

"Kan ruwa. Kifaye suna gaishe ki. Sun ce ki sa su a addu'a, ran Litinin za a kwashe su."

Na yi dariya ni kaɗai. Haka yake, ba ya barinka ka yi fushi da shi cikin kwanciyar hankali.

"Yau ne ko?"

"Yau ne."

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Sannan saƙon ya shigo, dogo.

"Ban hana ki coci ba, Marsaili. Ni ma ina zuwa ran Lahadi. Ki bari a yi biki tukuna. Wani Jibin yana nan tafe da kaka. Rawa ɗaya nake roƙo, ta ranar aurenmu. Shi da ya jira ki tun haihuwarki, 'yan watanni ne za su gagare shi?"

Masu karatu, na san da yawanku kun ce ya yi gaskiya. Ni ma da na karanta sai da na ce haka. Na daɗe ina kallon rigar bayan ƙofa.

"Ba shi zai kasa jira ba," na rubuta. "Ni ce. In yau na ce masa bayan biki, gobe zan ce bayan haihuwa. Na san kaina."

"Ni fa? In zauna a baya ina kallon hularki har mu tsufa?"

"Ban ce ka bar kiɗa ba. Ban ce na fasa ba. Ba zan iya ɗibar nawa in ba shi saura ba ne kawai."

"Da ɗan garin nan ne ya ƙwace mini ke, da tuni na jefa shi a teku. Yaya mutum zai yi kishi da wanda ba ya gani?"

"Tormod."

Ya karanta. Na jira har Mama ta ƙwala kira daga ƙasa cewa za mu makara. Na kashe wayar na sa a aljihun tebur. Na juya zoben a yatsana, ya zo har gaɓa, na mayar da shi. Na sa hula. Wadda na gani a madubi ta yi kama da wata 'yar'uwata da ban taɓa haɗuwa da ita ba.

A ƙafa muka tafi. Hanyar coci ta cika da baƙaƙen kwat, mata kowace hannu ɗaya a kan hula saboda iska. Filin bakin teku ya yi fure, fari da rawaya, har ƙasan katangar maƙabarta. Ba wanda ya yi mini magana, kowa kuma ya gan ni. Muka zauna a bencinmu na kullum, Gwaggo can ciki, Mama a tsakiya, ni a baki. Baba yana gefen maza. Gwaggo ta miƙo mini alewar na'ana'a ta bayan Mama.

Mai ba da waƙa ya tashi ya ja layin farko na Zabura. Kafin ya sauke, jama'a sun ɗauka, kowa da nasa lanƙwasar, wani ya riga, wani ya biyo, har muryoyin suka zama abu ɗaya mai tashi yana kwanciya. Tun ina ƙarama in ana wannan waƙa sai in ga kamar cocin jirgi ne an kwance masa igiya. Ranar nan ban ji tsoron inda zai kai mu ba. Baƙon fasto ya yi wa'azi, ban riƙe da yawa ba. Na dai ji ya ce Ubangiji bai taɓa roƙon kowa rabin zuciya ba, don shi ma ba rabi ya bayar ba.

Aka yi addu'ar rufewa. Fastonmu ya ce dattawa za su zauna a ɗakin baya, ƙofa a buɗe take ga duk mai so. Aka fara tashi.

Ban tashi ba. Ba ƙarfin hali ba ne. Ƙafafuna ne suka yi nauyi kamar an cika su da yashi, zuciyata kuwa ta yi sakayau.

Bencunanmu matsattsu ne, na ciki ba ya fita sai na baki ya ba shi hanya. Mama ta miƙe ta tsaya a kaina.

"Tashi mu wuce."

Na kawar da gwiwoyina gefe.

"Marsaili," ta ce ta cikin haƙora. "Mutane suna kallo."

"Ki wuce, Mama. Akwai hanya."

Ta tsaya. Ina ganin maɓallin kwat ɗinta yana hawa yana sauka. Sai ta kai hannu kaina, na runtse ido. Ta kama hular ta ja ta da ƙarfi.

"Ta karkace," ta ce. "In za ki je gabansu, ki je da ita daidai."

Ta wuce ba ta waiwayo ba. Gwaggo ta bi ta, ta ɗan matsa mini kafaɗa.

Takun ƙafafu ya yi ta raguwa har ya ƙare. Haske yana saukowa daga dogayen tagogi, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali. Ban taɓa jin cocin da faɗi haka ba. Ban san iya zaman da na yi ba.

Ƙofar ɗakin baya ta buɗe, Dattijo Finlay ya fito. Tsohon matuƙin jirgi ne, ya ranƙwafa, shi yake fitowa kiran masu zama tun ban san kaina ba. Ya gan ni ya gyaɗa kai, kamar wanda aka riga aka gaya wa. Sai idonsa ya wuce ni. Ya tsaya.

Na waiwaya.

Tormod ne a bencin ƙarshe, dab da ƙofa, da rigar aikinsa ta jirgi da dogayen takalman roba, yana murɗa hularsa a hannu. Ban san lokacin da ya shigo ba.

Dattijo Finlay ya wuce ni kamar ba na nan, hannuwa biyu a miƙe.

"Tormod ɗan Kaguwa! Kai ne? Kai ne, ɗana?" Ya kira shi da laƙabin mahaifinsa, ya kama hannunsa ya riƙe gam, hawaye yana bin tsagar fuskarsa. "Kakarka ta yi ta roƙon wannan rana har ta kwanta dama. Ni shaida ne. Biyu a rana ɗaya, kuma waɗannan biyun! Kai, makaɗi, ashe kai ma an ja ka an matse!"

"Baba Finlay, ni…" Tormod ya fara. Ya dubi tsohon, ya dube ni. Ya rufe baki.

Ga abin da ya zo mini a lokacin, ku auna da kanku. Tormod bai taɓa halartar sujadar Asabar ba. Mai yiwuwa daga jirgi ya taho a guje don ya tare ni kafin in shiga, ya zauna jirana, bai tuna abin da zama yake nufi a wannan rana ba. Amma kuma ɗan garin nan ne, a cinyar kakar nan tasa ya girma. Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san ba a zama haka kawai ran Asabar ta Jibi. A waje kuwa mata suna tsaye a farfajiya suna lura da wanda bai fito ba. Kafin a zuba romo a kwano, labari ya kai ƙarshen tsibiri.

Da na so, da na cece shi. Magana ɗaya ce: jirana yake yi, Baba. Tana kan harshena. Da na faɗa, da tsohon ya saki hannunsa, da Tormod ya fita da mutuncinsa, da kuma na san matsayina da shi tun a nan. Sai na gane ta. Ita ce "ban da" ɗin nan, ta biyo ni har cikin coci. Ina so in ba da komai, amma in riƙe wannan ɗaya in gyara da hannuna.

Na yi shiru.

Dattijo Finlay ya share ido da bayan hannu. "To, wa zai fara shiga?"

Tormod ya yi gyaran murya. Ban iya karanta fuskarsa ba, ni da nake cewa na haddace ta.

"Ita ta riga ni zama," ya ce. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Shiga, Waliyiya. Kada ki bar su suna jira."

Ɗakin baya ƙarami ne. Tebur da koren ƙyalle, dattawa a jere cikin baƙaƙen kwat, warin danshi da na'ana'a. Aka nuna mini kujera. Dattijo Finlay ya rufe ƙofa ya zauna a gefe.

Babbar ƙofar cocinmu ta waje ba ta buɗuwa sai ta yi kuka, kukan da ake ji har maƙabarta. Na zauna kunnena yana kanta.

"'Yata," in ji fasto, "me ya kawo ki?"

Na fara da fadama. Na faɗi cinikin da na yi, na Laraba da Jumma'a, wani dattijo ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Suka tambaye ni wane ne Almasihu a gare ni, na faɗi abin da na sani, ba shi da yawa.

"Kin san kina iya faɗuwa?"

"Na sani. Shi ya sa nake so ya zama shi ne yake riƙe da ni. Riƙona ba shi da ƙwari."

"Akwai abin da kika hana shi?"

"Da akwai," na ce. "Har zuwa ɗazu."

Ba su tambaye ni mene ne ba. Aka yi addu'a a tsaye. Fasto ya kama hannuna ya sa mini ɗan ƙarfen shaida, wanda zan miƙa gobe kafin in zauna a farin ƙyalle. Kamar kwabo yake, sanyi ƙalau, hannuwan mutane sun cinye rubutun jikinsa.

A nan ne na farga. Tun da na buɗe baki na daina sauraron ƙofar waje. Ko ta yi kuka, ko ba ta yi ba, ban sani ba.

Dattijo Finlay ya miƙe da ƙyar, yana dafa tebur.

"Je ki, 'yata," ya ce. "Ki ce wa na waje ya shigo."

Na damƙe ƙarfen a tafin hannuna, a ƙarƙashin zoben. Na kama mariƙin ƙofa, na murɗa.